Yadda Aka Yi Na Zama Alhaji Bola

Mustafa, da kai nake, sauran 'yan uwanka su saurara. Labari ya iso ni har nan unguwar Dengfeng a Guangzhou cewa ka sauke allon shagonka ka sake rubuta shi. Ka goge sunana ka sa na Yaya Sabo, wai don masu saye su daina ce maka ɗan Alhaji Bola. Uwarku ta so ta ɓoye mini, sai wani da ya zo sarin waya daga Kano ya nuna mini hoton muna cikin cin tuwo, bai san ya yi ɓarna ba. Na ajiye lomar da ke hannuna, ban ƙara ci ba. Ban ga laifinka duka ba, domin abin da aka cusa maka ke nan tun kana sakandare: wai ubanku ya kwashi jarin gida ya tafi China ya zautu, ya koma tsintar shara a bakin teku. Na yi shiru shekara da shekaru saboda Yaya yana raye, kuma uwarku ta roƙe ni in dubi zumunci. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa, ni ma kuma hawan jini ya fara yi mini sallama. To zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A wancan lokacin ni da Yaya kasuwancinmu ɗaya, aljihunmu ɗaya. Shi yana zaune a shago a Kano, ni ina nan Guangzhou ina saro kayan roba ina loda kwantena: buta, bokiti, kwanon sha, silifas, tabarmar salla. Uwarku tana tare da ni a ɗan gidan hayarmu, tana tuƙa tuwo da miyar kuka tana sayar wa 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi da suka gaji da shinkafar Sinawa. Ku kuna gida wajen kakarku kuna karatu. Yawancin butocinmu a masana'antar wani mutum ake yin su a Panyu, can kudancin gari, sunansa Chen. Ni lawban nake ce masa, wato maigida, shi ma lawban yake ce mini, kowa yana fasa wa ɗan'uwansa kai. Mutum ne mai son kuɗi ƙwarai, amma bai taɓa cuta ta ba, shaidar da ba zan iya yi wa wasu masu dogon carbi ba.

Wata rana ya kira ni in zo in yi masa tafinta, don Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Na tarar da wata Baturiya doguwa, wakiliyar wani kamfani da ke yin takalma a ƙasarsu. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mana kunkuru da leda a wuya, da tsuntsu cikinsa cike da murafen kwalba, har idonta ya kawo ruwa. Ni ma wallahi abin ya taɓa ni, don ni mai sayar da roba ne, na san inda kayana suke ƙarewa. Ta ce mutanen ƙasarsu a shirye suke su biya ninkin kuɗi in aka ce musu takalmin nan da robar da aka tsamo daga teku aka yi shi.

"Ko nawa kuka tara za mu saya," in ji ta. "Ku dai tabbatar daga teku ta fito."

Na ce, "Daga cikin ruwan?"

Ta ce, "Daga cikin ruwan."

Chen ya ce shi aikinsa narkarwa, ba zai shiga harkar tarawa ba, amma matarsa tana da wata gwaggo a can kudu da Panyu, inda kogi ke shiga teku. Masunta ne, kuma duk shekara in zafi ya shigo hukuma tana hana kamun kifi na wasu watanni don kifi ya hayayyafa, sai su ɗaure jiragensu su zauna hannu rabbana. Muka tafi. Gwaggon tsohuwa ce gajera, baƙa saboda rana, hannunta kamar na manomin da bai taɓa hutawa ba. Kowa Ayi yake ce mata, wato gwaggo, ni ma na bi. Ita ce bakin gidajen masuntan wurin, in ta ce a fita a fita, in ta ce a zauna a zauna. Abin da ya kama ni shi ne abincin. An gaya mata Musulmi ne zai zo, ba ya cin alade. Matar nan da ba ta san alƙibla ba ta aika kasuwa aka sayo sabuwar tukunya da sabon kwano, ta nuna mini takardar kantin tana manne a jiki don in yarda, sannan ta dafa mini kifi da shinkafa a ciki. Na ci na ƙoshi. Da muka gama na faɗa mata farashin da zan saya a kan kowane buhu, ta saurara, ta yi magana da mazan, sai ta tambayi Chen ko akwai takarda.

Na ce ya gaya mata mu a garinmu kwantena guda ake sayarwa a kan baki. Na miƙa wa babban ɗanta hannu a gabanta, na ce duk abin da suka tsamo har ƙarshen hanin kamun kifi, a wuyana yake.

Ku da kuke ganin shara a kwata kuna zaton kyauta ce, ku tsaya ku ji. Ba a taɓa yin kaya mai tsada irin robar teku ba. Jirgi zai fita tun safe yana shan mai, mutum uku ko huɗu a ciki suna jan koma, su dawo da yamma da tarin da ya fi tsayin mutum, ka ce yau an yi arziki. Ka ɗora a sikeli ka ga ba nauyi, iska ce cikin kwalabe. Abin da ke da nauyin kuma ruwa ne da laka da ƙananan katantanwa da suka manne. Sai an kankare, an wanke da ruwan daɗi, shi ma sayensa ake yi, an shanya, sannan mata su zauna su ware, don roba iri-iri ce kuma ba ta haɗuwa a tukunya ɗaya. Farar kumfar nan da ake naɗe talabijin da ita, wadda ta fi komai yawa a ruwan, ba ta da amfani ko na sisi, sai ma ka biya a kwashe maka ita. Wadda ta daɗe a ruwa kuwa gishiri da rana sun cinye ta, ka matsa ta a hannu ta ruguje kamar busasshen ƙanzo. In ka gama duk wannan, abin da ya rage mai kyau bai kai rabin abin da aka tsamo ba. Ga shi kuma a shekarar farashin man fetur ya faɗi a duniya, sabuwar roba da daga shi ake yin ta ta yi arha. Chen ya ɗebo 'ya'yan sabuwar roba a hannu ɗaya, farare tas, ya ɗebo tawa a ɗaya hannun, launin toka.

"Lawban," ya ce, "wannan ta fi kyau, kuma ta fi arha. Taka labari ne kawai a cikinta. In mai sayen labari bai zo ba, ka mutu."

Na yi dariya na ce ai Baturiyar za ta zo. Kuma ta zo ɗin. Muka kai ta bakin ruwa, ta ga tarin buhuna an jera su a tsohuwar rumfar gyaran jirgi har sun kusa taɓa rufi. Ta riƙe baki. Ta hau jirgin Ayi, ta ɗauki hoto ta gaba ta baya, ta sa tsohuwar ta ɗago komar da hannunta ta sake ɗauka. Ayi ta yi mata shayi. Sai da muka koma mota ta ce saura abu ɗaya ƙarami, kamfaninsu ba ya sayen roba sai da takardar shaida daga masu tantancewa.

Na je ofishin masu tantancewar, hawa can sama a wani dogon gini, sanyi kamar a firji. Wani ɗan kwalisa ya karɓe ni, ya saurare ni da ladabi, ya ce ai su ba sa ba da takarda a kan robar da aka tsamo daga jirgi. Wa ya gani? Wa ya shaida? Sai dai in zan ɗauki nauyin sa ma'aikacinsu a kowane jirgi, kowace fita, da kuɗin abincinsa da na inshorarsa, abin da ya fi kuɗin robar gaba ɗaya. Na ce to wace roba suke ba takarda? Ya ce wadda take kan hanyar zuwa teku. Na ce ban gane ba. Ya yi mini bayani a hankali kamar yana koya wa yaro alif: duk kwalbar da aka tsinta a tudu, a garin da bai yi nisa da gaɓa ba, ana ɗaukarta a matsayin wadda da an bar ta da teku za ta tafi. Ana sayenta a wurin dillalan kwalabe masu rajista da sikeli da rasit. Tana da tsabta, ba gishiri, ba laka, ba kuɗin mai.

Na ce, "Tsaya. Kwalbar da ba ta taɓa ganin teku ba ita ce robar teku, tawa da katantanwa ke manne a jiki ba ita ba ce?"

Ya ce, "A takarda, haka ne."

Na ce, "To wadda ke cikin ruwan, da ke shaƙe kunkurun, wa zai kwaso ta?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce meyo, wato babu, kalmar da ake sallamar mutum da ita a kowane kanti a garin nan. Wallahi da a Kano ne da sai an riƙe ni. Na sauko. Na yi ta kiran Baturiyar, ta ɗauka ta ce ta yi baƙin ciki sosai, ita ma ba yadda za ta yi, ta fahimci halin da nake ciki. Kai, na tsani kalmar nan ta fahimta tun daga ranar. Daga baya ta daina ɗauka. Bayan wasu watanni, a wajen baje kolin kaya, na ga kwalin takalminsu a kan tebur. A jikin kwalin hannun Ayi ne riƙe da koma, da ɗan zoben azurfarta da na sani. Robar cikin takalmin daga wurin dillalin kwalabe na bayan tashar mota aka saye ta, hoton kuma namu ne, kyauta. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina. Wai su ne masu ceton teku!

Amma kafin wannan, ga tarin buhuna a rumfa, ga hanin kamun kifi ya kusa ƙarewa, ga gidajen da suka ƙona mansu, suka yayyaga komarsu a kan tarkace, suka yi watanni suna wanke shara saboda wani baƙon mutum ya miƙa hannu. Kuɗin da ke hannuna na kwantenar Salla ne, wadda Yaya ke jira don ita ce cinikin shekara. Na kira shi na faɗa masa komai, ban rage ba.

"Ka sa hannu a takarda?" ya ce.

"A'a, Yaya."

"To alhamdu lillahi. Sauya layin wayarka. Wa ya san ka a wannan ƙauyen? Kai ma ai yaudararka aka yi."

"Yaya, na yi alkawari."

"Kai Garba, ka shiga hankalinka. Alkawari da wa? Mutanen da ko wankan janaba ba su sani ba? Ka loda mini kayana."

Ban taɓa yi masa musu ba tun muna yara, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini kuɗin jirgi na farko. Amma maganar nan ta tsaya mini a wuya. Shi da ya koya mini cewa ɗan kasuwa ba shi da kadarar da ta wuce bakinsa, ashe bakin yana da waɗanda ake cika wa da waɗanda ba a cika wa. Na koma gida na zauna na zayyana yadda muka yi da Yaya. Uwarku tana kwashe tuwo a leda, ba ta ko dube ni ba.

"Alhaji, ni ban san kasuwa ba," ta ce. "Amma matar nan sabuwar tukunya ta saya don kada ta sa maka haram a ciki. Kai kuma in ka gudu, me ka sa wa 'ya'yanta a nasu cikin?"

Na ce, "Kin san abin da zai biyo baya?"

Ta ce, "Na sani. Tuwo dai ba zai gagare mu ba, ni nake tuƙa shi."

Kashegari na hau jirgin ƙasa zuwa Panyu, na ɗauki Chen muka tafi. Na biya kowane buhu a kan farashin da na faɗa, ban nemi ragi ba. Ayi ba ta yi godiya mai yawa ba, ta dai dube ni ta gyaɗa kai, ta sa aka kawo tukunyar nan da ta ajiye ba wanda ya taɓa, ta sake dafa mini kifi. To yanzu ni ne mai dutsen shara. Na ce wa Chen buta za mu yi, abin da na sani ke nan. Ya ce robar nan ita kaɗai ba za ta yi ba, za ta fashe, sai an gauraya ta da sabuwa mai yawa, kuma a yi ta da kauri. Na ce a yi. Ba zan aika wa Musulmi butar da za ta tsage masa a hannu yana tsakiyar alwala ba. Sai butar ta fito da nauyi, ta ci roba kusan ninkin wadda aka saba, ga launi ba kyau, toka-toka da ɗan kore, duk kalar da aka zuba sai ta shanye. Na kuma biya aka sassaƙa ɗan kifi a mazubin ƙarfen da ake zuba narkakkiyar robar, yadda kowace buta za ta fito da kifi a ƙasanta. Chen ya ce ɓarnar kuɗi ce. Na ce kuɗina ne, ina so masuntan nan su bar alama a jikin abin da suka wahala a kai.

Sannan na sa aka buga 'yar takarda da boko da ajami aka manna a kowace: an yi wannan buta da robar da aka tsamo daga teku. Kafin nan sai da na je wurin malamin da ke ja mana salla a nan, ya ce abin da aka wanke aka narka da wuta ba sauran najasa a jikinsa, balle ruwan teku shi kansa mai tsarki ne. Ni a tunanina, in Bature da ba ya alwala zai ƙara kuɗi don an tsabtace teku, ina ga mutanen da tun suna yara ake karanta musu cewa tsabta tana cikin imani? Uwarku ta ɗauki buta ɗaya ta karanta, ta juya ta.

"Alhaji, Kano fa ba Turai ba ce. Cire takardar nan."

"Ƙarya zan yi?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Shiru za ka yi. Mai sayen buta ya taɓa tambayarka uwarta da ubanta?"

Na ƙi. Har gobe kuma ban ce na yi laifi ba, don gaskiya na rubuta. Kwantena ta isa bayan Salla ta wuce. Aka buɗe a gaban shago, mutum na farko da ya ɗauka ya karanta shi ne Ɗanlami dillali, wanda kuka sani, mai bakin nan da ba ya rufuwa. Ya ɗaga ta sama ya ce jama'a ku zo ku ga butar bola, Garba ya aiko mana sharar China mu yi tsarki da ita. Shi ke nan. Kafin la'asar an ce robar asibiti ce. Kafin Juma'a an ce a ruwan da Sinawa ke zubar da gawa ake tsamo ta. Mutanen da ke shan ruwan leda su jefar a kwata, kwatar ta toshe ruwa ya ci musu gida, su ne suke toshe hanci in sun wuce shagonmu. Waɗanda kullum suke sayen baƙar butar da ake yi a bayan gari da tarkacen da ba wanda ya wanke, ba su taɓa tambaya ba, don ba a rubuta musu ba. Tawa da aka wanke aka sake wankewa ita ce ƙazama. Ko ɗaya ba a saya ba, kuma sunan ya bi ni: Alhaji Bola.

Yaya ya tara dattawan kasuwa aka raba mu. Ban je ba, ta waya aka faɗa mini. Shago nasa, sunan kasuwanci nasa, butocin ma nasa a madadin asarar da na ja masa. Ban yi jayayya ba, don gaskiya ne na taɓa kuɗin da ba nawa kaɗai ba, kuma da ya tsaya a nan da ban rubuta wannan ba. Na koma ɗan aike. Ni da nake loda kwantenata, na koma bin yaran da na koya wa hanya ina yi musu tafinta, ina kai kayansu wurin masu jigila a unguwar Baiyun a auna, ina karɓar lada. Tuwon uwarku ne ya biya muku kuɗin makaranta a shekarun nan, ku sani, ba alherin kowa ba. Ita ma ta sha nata, don matan 'yan kasuwa in sun zo sayayya sai su tambaye ta cikin dariya ko maigidan ya fita aikin shara.

A bakin ruwa kuwa, da hanin kamun kifi ya sake zagayowa, jiragen a ɗaure suka zauna. Na je gaishe da Ayi, muka tsaya muna kallon kwalabe da kumfa suna wucewa da igiyar ruwa, ba mai ko miƙa hannu. Wa zai ƙona mansa a banza? Na kai mata buta ɗaya. Ta juya ta ga kifin, ta yi dariya har da tafi, ta riƙa ba wa 'yan ganyayenta ruwa da ita a bayan jirgi. Duk shekara sai ta aiko mini busasshen kifi ta hannun Chen, har ta rasu.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne yadda Yaya ya yi da butocin. Sun yi shekara a sito. Da azumi ya zo sai ya sa aka jiƙa su aka kankare takardun tas, ya loda a mota ya bi masallatai da makarantun unguwanni yana rabawa, sadaka fi sabilillahi daga Alhaji Sabo. Aka yi ta sa masa albarka a lasifika. Limamai suka yi masa addu'a da suna. A shekarar aka fara sa shi a sahun gaba a duk taron unguwa. Bai taɓa buɗe baki ya ce wa kowa butocin nan su ne na Garba ba. Yana ji ana kiran ƙaninsa Alhaji Bola a gabansa, yana ji ana tsokanar 'ya'yan ƙaninsa a makaranta, yana karɓar addu'a a kan kayan, ya yi shiru. Ban hana shi ladan sadakarsa ba, Allah ya ba shi. Shirun ne ya ƙona ni, kuma har yanzu yana ƙona ni.

Da ya rasu na zo gida, kun gan ni, kai Mustafa ko ido ba ka so mu haɗa. Ranar sadakar uku na fita masallacin unguwa zan yi alwalar azahar. Butocin zamani ne a jere masu kala-kala, wannan ta tsage, wannan ba hannu. Ina dubawa sai na ji an taɓa ni. Ɗanlami dillali ne, ya tsufa, haƙora sun zube, bakin dai yana nan.

"Alhaji, bar waɗannan, ba su da kirki. Ungo wannan."

Ya miƙo mini wata mai launin toka, duk ta goge saboda hannu, amma ko tsaga babu.

"Ta marigayi ce," ya ce. "Shekara nawa muna alwala da su, rana ta dake su, yara su yi ƙwallo da su, ko gezau. Ba a ƙara yin irinsu ba. Allah ya jiƙan Alhaji Sabo, shi kam ya san kaya."

Na karɓa. Na zubar da ɗan ruwan da ke ciki na kifa ta. Kifin yana nan, da ɗan idonsa da jelarsa. An kankare takarda, amma shi a jikin robar yake. Na dubi Ɗanlami, gemunsa yana ɗigar da ruwan da ya fito daga butar. Maganar ta zo mini har baki. Sai na tuna kabarin Yaya ko bushewa bai yi ba, na haɗiye. Na cika ta na yi alwalata, na shiga sahu.

To na haɗiye a ranar, amma ba zan haɗiye a kanka ba. Ban ce ka mayar da sunana don tausayi ba, ba na so, kuma kada uwarku ta lallashe ka. Abu ɗaya nake nema. Gobe in ka je masallaci, kafin ka zuba ruwa, ɗauki butar nan mai launin toka da kake wanke fuskarka da ita tun kana saurayi, ka kifa ta ka duba. In ba ka ga kifi ba, bar allonka yadda yake, ubanka maƙaryaci ne. In ka gani, to ka sani da sharar Alhaji Bola kake tsayawa gaban Ubangijinka sau biyar a rana, kai da duk unguwar.